Ranar da Na Ce Ban Rasa Komai Ba

In mutane suka ji cewa mahaukaciyar guguwa ta taɓa koro ni daga makaranta a Amurka, sai su gyara zama suna jiran labarin iska da ruwa. Akwai wannan, kuma zan faɗa. Amma gaskiyar magana, guguwar ba ta yi mini rabin ɓarnar da bakina ya so ya yi mini ba.

Ni mutumin Gafasa ne ta ƙasar Ajingi. Sunana Auwalu, ko da yake a gidanmu sai ka kwana bakwai ba ka ji an ambaci sunan ba, domin ni ne ɗan fari, gidan kuma na Fulani ne da suka zauna suka kama noma amma ba su saki saniya ba, ba su kuma saki fulako ba, wato kunyar Fulani. Baffa, mahaifina, “kai” yake ce mini. Inna kuwa sai ta ce “wancan”, ko da ina zaune a gabanta. A wannan gida aka koya mini cewa mutum ba ya faɗin yunwarsa. In an miƙo maka abinci a gidan mutane, ka ce ka ƙoshi. Za a sake miƙowa, ka sake ƙi. Sai a karo na uku, in an matsa, sannan ka ɗan taɓa. Ko rumbunku ne ya ƙone aka zo jaje, amsa ɗaya ce, lafiya lau, an gode Allah. Mai tambaya shi zai duba da idonsa ya gane abin da ya rage. Tsarin nan yana aiki sarai a Gafasa, saboda kowa ya san dokarsa.

Karatun kiwon dabbobi ya kai ni wani gari na bakin teku a kudancin Amurka. Na yi shekara uku da rabi a can, saura zango ɗaya in gama, kuma a cikin zangon darasi ɗaya ne ya fi tsaya mini a rai, wato aikin hannu a gona kan lafiyar garke. Wanda bai yi shi ba, ba shi da takardar shaida, ko da ya haddace littattafan duniya.

Abokin ɗakina Mala ne, mutumin Balan ta ƙasar Gaya, yana karatun injiniya. Kakarsa Babarbariya ce, don haka tun ranar da muka haɗu ya yanke hukuncin cewa ni bawansa ne, ni ma na sanar da shi cewa kakannina sun daɗe da mallakar nasa. Mala ba ya jin nauyin tambaya. In ya shiga kanti sai ya tambayi mai kanti ko akwai abin da ake bayarwa kyauta yau. Ni in koma bayan kantar sabulu in ɓoye fuskata, shi kuwa ya fito da biskit a hannu yana ci.

Da aka fara sanarwa cewa guguwa na tahowa daga teku, har an raɗa mata suna kamar jaririya, dariya na yi. Na ce da Mala mu da muka saba da iskar farkon damina, wadda take ɗauke jinka ta dire ta a gonar maƙwabci, me za a nuna mana? A ɗora dutse a kan kwano, a shigar da awaki, shi ke nan. Mala ya ce to in fita in nemo dutsen da zan ɗora wa bene mai hawa shida. Ina ta wannan gardama har motocin makaranta suka cika suka tafi. Laifina ne, ban taɓa musawa ba, Mala kuwa bai taɓa barin in manta ba.

A bakin titi muka samu wani mai ƙaramar bas yana kiran fasinja zuwa cikin ƙasa. Mutum ne mai fara’a, har da taya mu ɗora jakunkuna. Mu takwas ya ɗauka. Bayan tafiyar awa uku a cikin cunkoson da ban taɓa ganin irinsa ba, ya tsaya a wani gidan mai ya ce kowa ya sauka ya sayi ruwa, don gaba babu. Muka sauka. Da muka fito da robobin ruwanmu, sai wurin da motar ta tsaya kawai muka tarar. Ya tafi da tufafinmu, da littattafaina, da kwamfutata mai ɗauke da duk rubutun shekara uku, da bargon saƙi da Inna ta ba ni. Fasfo da takardun makaranta ne kaɗai suka tsira, saboda na ƙulle su a leda na ɗaura a cikina ƙarƙashin riga, yadda Inna take ɗaure abinta in za ta kasuwa. Mala ya sha yi mini dariya a kan wannan ɗauri. Ran nan nasa fasfon ma a ciki yake, tun daga nan bai sake dariyar ba.

’Yan sanda ne suka kwashe mu zuwa ɗakin wasanni na wata makarantar sakandare, inda aka jera ƙananan gadaje ɗaruruwa. Kwana tara muka yi. A talabijin ɗin da aka rataye a bango na ga unguwarmu, ruwa ya kai wuyan fitilun kan titi, wani kare yana zagaye a kan rufin gidan mai wankinmu. Ban sake zancen dutse da kwano ba.

Mutanen wurin sun yi mana kirki. Wata tsohuwa baƙar fata, ’yar coci, ta ga muna neman lungun salla, sai ta ja mu bayan labulen dandamali, ta shimfiɗa mana kwali, ta kuma tsaya tana korar yara har muka idar. Kullum haka ta yi mana, ban ma san sunanta ba. A rana ta biyu wata mata ta zo tana raba barguna da rigunan sanyi. Da ta iso kaina ta tambaye ni ko ina so, na ce a’a, na gode. Na zauna ina jiran ta sake tambaya. Ta yi murmushi ta wuce gado na gaba. Mala ya karɓi barguna biyu, ya jefo mini ɗaya a ka, ya ce bawa ba ya kwana da sanyi ubangidansa yana raye. Da ina da hankali, da a nan na ɗauki darasi. Ban ɗauka ba, sai ma na ce a raina matar ba ta da tarbiyya.

A waɗannan kwanaki ne kewar gida ta kama ni da gaske. Ba tuwo na yi kewa ba, ba kuma fura ba. Lokacin da shanu suke dawowa da yamma nake tunawa, maruƙa suna kuka a turke, Inna tana wanke ƙwarya. Na kira gida sau ɗaya da wayar Mala, Baffa ya tambaye ni, na ce lafiya lau, ɗan ruwa ne aka yi.

Sai saƙo ya zo cewa makarantarmu ba za ta buɗu ba wannan zangon, amma waɗansu jami’o’i sun buɗe ƙofa, za su karɓe mu a matsayin baƙi, sakamakonmu kuma a aika wa makarantarmu ta asali. Ga mu ɗaliban da muka zo daga ƙetare akwai ƙarin magana. Takardar zamanmu a ƙasar tana rataye ne da rajista. Wanda zangon ya wuce shi ba ya cikin aji, sai ya tattara ya koma gida, kuma masu ɗaukar nauyin karatunmu ba su san wani abu wai shi maimaita shekara ba. Ma’ana, in ban shiga aji ba, zan sauka Gafasa da shekara uku da rabi a baka, babu takarda a hannu.

Aka tura ni da Mala wata jami’a a tsakiyar ƙasar. Kwana ɗaya da yini muka yi a bas, masara hagu, masara dama, har ido ya gaji. Muka isa ranar Litinin da safe. Sanyi ya fara shigowa, ni kuwa daga ni sai riga ɗaya da silifa. Aka ce mana ranar Juma’a da ƙarfe huɗu za a rufe rajista.

A ofishin karɓar baƙin ɗalibai aka sa mu layi, ana shiga ɗaya bayan ɗaya. Wadda na samu wata dattijuwa ce mai tabarau, Madam Lusi, ga tarin fom a gabanta, ga gajiya a idonta. Ta yi mini sannu da zuwa da murya mai taushi, ta ce ta san mun sha wuya. Sannan ta ɗauki biro.

“Me ka rasa a guguwar nan?”

Ga mace, ga ta sa’ar Inna, ga shi yau na fara ganinta. Bakina ya amsa kafin in yi tunani. Na ce ban rasa komai ba, mun gode Allah da muka fita da rai.

Ta tambaya ko ina da wurin zama. Na ce akwai ɗan’uwana, ina nufin Mala, wanda shi ma a lokacin yana ɗaki na gaba yana neman wurin. Ta tambaya ko akwai wani abu na gaggawa da nake bukata. Na sunkuyar da kai na ce babu, sai alheri. Ta ce kai, ta ji daɗi, na yi sa’a, yau ni ne na farko da ya faɗi haka. Ta yi ’yan alamomi a fom ɗin ta ajiye shi gefe.

Na ci gaba da zama. A lissafina yanzu aka gama gaisuwa, yanzu za ta ajiye biro ta ce, to, ɗana, faɗa mini gaskiya. Ta ɗago ta dube ni, ta ce ko akwai wani abu kuma? Na ce babu. Ta ce in turo na gaba.

Washegari aka liƙa sunaye. An raba mu kashi biyu. Waɗanda suka rasa komai su aka fara ba ɗaki da gurbi a darussa. Waɗanda suke da hali an sa su a layin jira. Mala yana kashi na farko, da ɗaki, da katin cin abinci, har da takalmi. Ni ina kashi na biyu, kuma a gaban darasin aikin gona an rubuta cewa ya cika. Na karanta sau uku ko sunan zai matsa sama.

Mala ya tambaye ni me na ce wa matar. Da na faɗa masa, ya riƙe kai ya zauna a kan matakala. Ya ce shi ya lissafa musu har buroshin haƙori, ya kuma ƙara da agogon da bai taɓa mallaka ba, sai da ya tuna da Allah ya ce a goge. Ya ce in koma yanzu in faɗi gaskiya. Na ce ba zan iya ba. Wanda ya ce ya ƙoshi, ya fita, sannan ya dawo ya ce a zuba masa, ai ya zubar da mutuncin gidansu sau biyu. A garinmu in abu ya kai haka, ba kai kake zuwa ba, mutum kake turawa.

“To ni ne mutumin,” in ji Mala. “Ubangida ai shi yake yi wa bawansa magana.”

Ya shiga da ƙarfinsa. Minti biyar bai cika ba ya fito. Madam Lusi ta ce masa doka ta hana ta tattauna al’amarin wani ɗalibi da wani, ko da uwa ɗaya ta haife su. In mai maganar yana da gyara, ya zo da bakinsa. Mala ya dube ni, wannan karon babu wasa a fuskarsa, ya ce, “Auwalu, ƙasar nan ba a aike. Saura kwana uku.”

A ƙasan ɗakinsa nake kwana, da katinsa muke cin abinci, shi ya ci rabi ya fito mini da rabi a takarda. Ranar Laraba na je ƙofar ofishin har sau biyu. Ina kama marikin ƙofa sai in ji kamar Inna tana tsaye a bayana, sai in saki in wuce kamar mai neman banɗaki.

A dawowa ta biyu ne iska ta kawo mini wani wari da na sani. Kashin shanu ne. Wallahi ban san lokacin da ƙafata ta bi shi ba. Na wuce filin ƙwallo, na wuce wurin ajiye motoci, sai ga gonar jami’ar. Shanu ne dabbare-dabbare, baƙi da fari, manya-manya, babu ƙaho, babu tozo, kowace da lamba a kunne maimakon suna. Ba su kai fararen shanunmu bunaji kyau ba, amma saniya saniya ce. Na jingina da shinge ina kallonsu, na ji numfashina ya daidaita a karo na farko tun ranar gidan mai.

Ina tsaye sai idona ya sauka a kan wata da ta ware gefe. Kunnuwanta sun faɗi, ba ta tuƙa, hancinta a bushe. Wani tsoho mai jar hula ya zo wucewa da amalanken ciyawa. Na gaishe shi na ce waccan ba ta da lafiya. Ya dube ni, ya dubi saniyar, ya ce da safe ta ba da nono daidai. Na ce to da yamma ba za ta bayar ba. Bai yi musu ba, ya shiga ya auna ta. Zazzaɓi ne ya fara kama ta. Ya fito yana goge hannu, ya ce sunansa Wolta, shi ne mai kula da garken, ya kuma tambaye ni a wane aji aka koya mini wannan. Na ce ba aji ba ne, a gidanmu ana kai yaro cikin shanu tun kafin ya iya ɗaura wando.

Ya ce ko zan sha kofi. Na ce a’a, na gode. Ya dubi silifan da ke ƙafata, ya dubi hannuna da na cusa a hammata. Ya tafi, ya dawo da kofin da burodi, ya ɗora a kan ginshiƙin shinge kusa da ni, ya juya ya ci gaba da aikinsa, bai ko kalle ni ba. Tun da na zo ƙasar nan babu wanda ya yi mini irin wannan. Sai da ya shige rumfa na ɗauka na shanye.

Ranar Alhamis na koma da sassafe. A kan ginshiƙin na tarar da kofi, da dafaffen ƙwai, da wata tsohuwar rigar sanyi a rataye. Babu wanda ya ce tawa ce, ni ma ban tambaya ba, na sa. Na taya shi kwashe kashi, muka ba maruƙa madara a bokiti. Bai tambaye ni halin da nake ciki ba. Shanunmu ya yi ta tambaya, yadda muke tatsa da hannu, da yadda muke sa maraƙi ya fara tsotsa kafin uwar ta saki nono. Daga shanu aka gangaro Gafasa, daga Gafasa aka gangaro bakin teku, ban ankara ba na ba shi labarin mai bas, da fom, da layin jira. Ban roƙe shi komai ba, labari kawai na bayar, kuma ina kallon saniya nake bayarwa.

Wolta ya ce mutanensu na ƙauye ma haka suke, mahaifinsa ya karye a ƙafa ya yi sati yana cewa targaɗe ne. Ya ce darasin da nake nema a rumfarsa ake yin sa, kuma ƙara mutum ɗaya ba zai gagara ba, takalmin roba ne kawai za a nemo. Amma ba shi da ikon sa suna. Sai ofis ya turo, ofis kuma da abin da ɗalibi ya faɗa yake aiki.

“Zan iya raka ka har ƙofa, ɗana,” ya ce. “Amma maganar ba zan iya yi maka ita ba.”

Na ce na gode, zan yi tunani. Na san ƙarya nake yi. A raina na riga na fara shirya abin da zan gaya wa mutanen Gafasa, cewa guguwa ce, ƙaddara ce, kuma kowa zai yarda.

Ranar Juma’a da hantsi wayar Mala ta yi ƙara. Ya duba, ya miƙo mini da hannu biyu. Baffa ne. Baffa bai taɓa kira na ba, ni nake kira. Muka gaisa, ya tambayi sanyi, ya tambayi ɗan Barebari. Sannan ya ce yaya karatun. Na ce lafiya lau.

Ina jin kukan tinkiya daga can.

Ya ce malamin makarantar Gafasa ya nuna masa hoton garin da nake karatu a waya, ya ga ruwa a kan rufi. Ya ce shi ya haifi wannan lafiya lau ɗin, ya san nauyinta. Sannan ya tambaye ni ko na tuna shekarar da ciwon huhu ya shiga garkenmu, ina ɗan shekara bakwai. Na ce na tuna, shekarar da aka yi ta jan mushe zuwa bayan gari. Ya ce abin da ban sani ba shi ne, kafin abin ya yi ƙarfi malaman dabbobi sun zo har gida a kan babur. Da ya hango su, ya kora uku masu tari ya ɓoye a cikin dawa, don kada a ce garken gidanmu ne ya kawo cuta gari. Suka tambaye shi, ya ce lafiya lau. Yana jiran su sake tambaya. Yaran birni ne, suka rubuta suka hau babur. Kafin kaka rabin garken ya tafi. Ya ce ko Inna bai taɓa gaya wa ba, kuma shi ya sa da aka ce zan karanta ciwon shanu bai hana ba.

“Auwalu,” ya ce.

Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba.

“Kunya ta riga ta ci mini shanu. Ba zan ba ta ɗana ba. Ko mene ne, je ka faɗa.”

Ya kashe wayar kafin in amsa, na kuma san nauyin ambaton sunana ne ya kama shi.

Na wanke fuska na fita. A kan bencin ƙofar ofis na tarar da Wolta, hularsa a gwiwa, takalminsa duk taɓo. Ya matsa ƙafarsa in wuce. Na bi layi. Ƙarfe uku ta wuce kafin a zo kaina.

Madam Lusi ta gane ni, ta ce a’a, mai sa’a ne. Ban zauna ba, don na san in na zauna ba zan faɗa ba. Na kafa idona a kan kalandar da ke bayanta, na ce abin da na gaya mata ranar Litinin ba gaskiya ba ne. Na ce ba ni da tufafi sai na jikina, rigar saman ma ta aro ce. Ba ni da littafi, ba ni da ɗaki, a ƙasa nake kwana, rabin abincin wani nake ci. Na ce in ban shiga darasin gona yau ba, za a mayar da ni gida hannu wofi. Kalmomin ba su fi na minti ɗaya ba, amma na fi gajiya da su a kan tafiyar bas.

Ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce don me ban faɗa ba tun farko? Na ce a garinmu sau uku ake tambayar mutum.

Sannan ta jawo sabon fom, ta yage tsohon a gabana, ta ce shekararta ashirin a kujerar nan, babu wanda ya taɓa gaya mata haka, kuma Allah kaɗai ya san mutum nawa ta sallama da tambaya ɗaya. Ta ɗaga waya za ta kira gona ta ji ko za a iya ƙara mutum. Na ce ba sai ta kira ba, mai gonar yana waje. Ta leƙa, Wolta ya ɗaga mata hula. Saura minti arba’in a rufe ta buga hatimi.

Sauran zangon daɗi ne, ba ni da abin da zan ce sai godiya. Aka ba ni ɗaki mai kallon gonar. Na ga dusar ƙanƙara tana sauka a karo na farko, na fita da gudu, na dawo da gudun da ya fi na fita. A darasin gona ni nake nuna wa ’yan ajin yadda ake kama maraƙi ba tare da an sha harbi ba, su kuma su koya mini na’urar tatsa. Na kwantar wa Wolta kindirmo a cikin robar fenti da na wanke. Ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska, ya ce a ƙasarsu in madara ta yi haka zubarwa ake yi, sannan ya shanye ya miƙo kofin. Madam Lusi kuwa duk inda ta gan ni a hanya sai ta tsaya ta ce ina lafiya, ina lafiya, ina lafiya, sau uku a jere, tana ƙirgawa da yatsu. Mala har yau yana gaya wa mutane cewa shi ya ceci bawansa daga halaka, ni kuma na bar masa, tunda rabin abincinsa na ci.

Yanzu aikin duba dabbobi nake yi, daga rugagen Ajingi har zuwa Kademi. In na isa gida na tambayi shanu aka ce lafiya lau, ba na rubutawa. Ina kafe babur in zauna, in ƙi nonon da aka miƙo sau biyu, in sha a na uku, in sake tambaya. In an sake cewa lafiya, sai in ce zan ɗan zaga, in bi ta bayan dawa. Sau da yawa a can nake samun mai tarin. Abokan aikina suna cewa ina ɓata lokaci, gida uku nake yi su sun yi goma. Ban damu ba.

Ranar da na dawo daga Amurka, bayan masu sannu da zuwa sun watse, na samu Baffa a bakin garke yana gyara igiya. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye takardar shaidar a gabansa. Bai taɓa ta ba, bai kuma ambaci wayar nan ba, har yau ma bai ambata ba. Ya koma ce mini “kai” kamar da. Na ce, Baffa, yaya shanu?

Ya buɗe baki ya ce, “Lafiya...” sai ya tsaya. Ya ajiye igiyar, ya nuna da haɓa.

“Jar karsanar can tun jiya ba ta tuƙa. Tashi ka duba ta.”